Wuƙa biyu ka ƙera, amma kuɗin bakwai ka kashe

Tambaya: Assalamu alaikum. Na fara koyon ƙira da yamma in na tashi daga aiki. Ina ƙera wuƙar nan da ake shafa wa yumɓu a baya kafin a tsoma ta da zafinta a ruwa ko a mai, baki ya yi tauri, baya ya yi laushi. Na gwada bakwai da tsohon sifirin mota da tsofaffin magagarai, biyu suka fito. Da na sa hotonsu a intanet, mutum shida suka ba ni kafin alƙalami. Ina so in ci bashi in sayi injin wasa wuƙa, in ajiye aiki. Nawa zan sa wa kowace wuƙa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ba ni labarin biyun da suka fito, amma ko kalma ɗaya ba ka ce ba a kan biyar ɗin da suka lalace. Wane ƙarfe ne ya tsage? A ruwa ka tsoma ko a mai? Awa nawa kowace ta ci maka? Da ka rubuta, da ka faɗa mini. To a nan matsalarka take, kuma bashi ba zai gyara ta ba.

Mu yi lissafi. Biyu cikin bakwai, ke nan kowace wuƙar da za ka miƙa wa mai ita tana ɗauke da ƙarfe da gawayi da wahalar wuƙa uku da rabi. Kafin ka sallami mutum shida sai ka ƙera kusan 21. Kai kuwa da kuɗin guda ɗaya ka yi ciniki.

Irin wannan ƙira ba ta yafe ganganci. Takubban Japan aka san su da ita, kuma layin nan mai lanƙwasa da masu saye ke so, wanda suke kira hamon, iyaka ce tsakanin inda ƙarfe ya huce da sauri da inda yumɓu ya riƙe zafi. A lokacin tsomawa baki na ja nan, baya na ja can, sai ka ji ɗan ƙara "ƙis" a cikin ruwan. Shi ke nan, duk gugar da ka sha ta tafi. Ƙarfe ya kan daina kama maganaɗisu a wajen digiri 770 na ma'aunin Salshiyos, ana tsomawa a wajen 800, sannan a gasa a wajen 200 don kada bakin ya ɓalle. In ka yi wa bakin siriri har kaurinsa ya gaza milimita ɗaya kafin tsomawa, ka gayyato tsagewa. Sifirin mota kuma sau da yawa irin ƙarfen da ke taurara har ciki ne, layin ba ya fita da kyau. Masu sana'ar sun fi amfani da irin ƙarfen da ake kira 1095 ko W2. Kai da kake tsinto ƙarfe, yau wannan gobe wancan, ko ka yi sa'a ba ka san me za ka maimaita ba.

Na san wani saurayi mai hannu ƙwarai da ya karɓi kuɗin mutane haka, ya zuba a inji. Wuƙaƙe suka yi ta tsagewa, ranar alkawari ta wuce, ya koma karɓar kuɗin sabon mai saye yana biyan na tsoho. Ƙarshe injin ya sayar a kan rabin kuɗinsa. Ina jin zafin abin har yau, domin da ya yi haƙuri da ya zama gwani.

Maganar ajiye aiki, cire ta daga ranka tukuna. Hotunan da kake gani na masu sayar da wuƙa da tsada, ba sa nuna maka tarin ɓaragurbin da ke ƙarƙashin teburinsu.

Kuɗin mutanen nan amana ne, kada ka taɓa. Kira su ka faɗa musu gaskiya, mai iya jira ya jira, wanda ba zai iya ba ka mayar masa. Sayi ƙarfe iri ɗaya wanda ka san sunansa, da littafi. Kowace wuƙa ka ba ta lamba, ka rubuta kaurin yumɓu, da abin da ka tsoma ta a ciki, da awannin da ta ci, da yadda ta ƙare. Wadda ta tsage ka karya ta ka dubi cikinta: in ƙwayoyin manya ne, wuta ta yi yawa. Ran da takwas cikin goma suka fito a jere, aiko mini da littafin mu yanke farashi tare.