Bakwai da arba'in a Littafi Mai Tsarki: amsa ga ɗan ƙanena

Ɗana, salama a gare ka. Ka tambaye ni abu biyu: me ya sa ikilisiyoyi da yawa ke azumin kwana 40 kafin Ista, kuma ko gaskiya ne wanda ya karanta Zabura sau bakwai addu'arsa ta fi saurin karɓuwa. Ta biyun ce ta fi tsaya mini a rai, da ita zan fara. Lamba ba ta da ikon kanta. Alama ce da Allah ya yi amfani da ita don mutanensa su riƙa tunawa da aikinsa.

Duba bakwai. A Farawa 2, Allah ya gama halitta, ya huta a rana ta bakwai, shi ya sa bakwai take nufin cika da kammalawa. A Littafin Firistoci 25 an umarci Isra'ila su bar ƙasa ta huta kowace shekara ta bakwai. Bayan bakwai sau bakwai, wato shekara 49, ta 50 ita ce ta 'yanci, kowa ya koma gadonsa. Ka ga bakwai ɗin tana da aiki a hannu, hutu ga mai wahala da sauƙi ga wanda talauci ya danne. Na'aman kuwa, da Elisha ya aika masa ya yi wanka sau bakwai a Urdun, fushi ya fara yi, yana ganin kogunan Dimashƙu sun fi. Sai da ya sauke girman kai ya bi umarnin kafin kuturtarsa ta warke. Ikon Allah ne ya warkar da shi ta hanyar biyayya. Wanda ya ɗauki sau bakwai ɗin ya bar biyayyar ya mai da addu'a tsubbu ke nan, kuma Maimaitawar Shari'a 18 ta hana duba da irin waɗannan abubuwa.

Inda bakwai ta fi taɓa halin mutum shi ne Matiyu 18. Bitrus ya tambaya ko sau bakwai ya isa a yafe wa ɗan'uwa, Yesu ya ce har bakwai sau saba'in. Wasu fassarori sun ce sau 77, wasu 490. Ko wanne ne, ba a ce ka buɗe littafin lissafi ba. Ka koma Farawa 4, za ka tarar da Lamek yana fahariyar ramuwa sau 77. Yesu ya ɗauki ma'aunin ramuwa ya mai da shi na gafara.

Arba'in kuwa lokacin gwaji ne da shiri. Ruwan tufana ya yi kwana 40, Musa ya yi kwana 40 a Dutsen Sina'i, Iliya ya yi tafiyar kwana 40 zuwa Horeb, Yesu ya yi azumin kwana 40 a jeji kafin ya fara hidimarsa. Ka lura da Littafin Ƙidaya 14: 'yan leƙen asiri sun yi kwana 40 a Kan'ana, jama'a suka ƙi gaskatawa, sai kowace rana ta zame musu shekara guda a jeji. Wato mutum yana iya cika arba'in ya fito bai amfana ba. Al'adar azumin ta daɗe, tun taron shugabannin ikilisiya a Nikiya na shekarar 325 an ambaci kwana arba'in ɗin. Daga Larabar Toka, ranar da ake fara azumin, zuwa jajibirin Ista kwana 46 ne, a cire Lahadi 6 da ba a azumi a cikinsu, saura 40.

In za ka yi azumin, zaɓi hali ɗaya da kake so ka bari, kamar fushi ko gulma, kada ka ɗauki goma. Tsai da lokacin addu'a guda kullum, ka karanta sura ɗaya ta Bishara. Luka tana da sura 24, Markus 16, su biyu sun cika 40 daidai. Abin da ka rage na abinci ka ba mabukaci, haka Ishaya 58 ya koyar. Kada ka yi shela, Matiyu 6 ta hana. In ka karya rana guda, ci gaba washegari, ba sai ka koma farko ba. Kada kuma ka kuskura ka bar ruwa kwanaki a jere da sunan koyi da Musa, rashin ruwa yana lalata ƙoda, yana kisa. Mai ciwon suga, mai gyambon ciki da mai juna biyu su fara tuntuɓar likita.



Kafin ka ba wata lamba ma'ana, tambayi wane irin littafi kake karantawa. Wahayin Yahaya cike yake da alamu, littattafan tarihi kuwa sau da yawa ƙidaya ce kawai. Lambobin surori da ayoyi ma ba sa cikin asalin rubutun. Stephen Langton ne ake dangantawa da rabon surori a ƙarni na 13, Robert Estienne kuma ya sa wa Sabon Alkawari ayoyi a 1551, don haka kada wani ya tsorata ka da lambar aya. Masu lissafin ranar dawowar Almasihu su ma ka yi nesa da su. A Amurka, mabiyan wani mai wa'azi, William Miller, sun mai da kwana 2,300 na Daniyel 8 shekaru, suka jira ranar 22 ga Oktoba, 1844, ranar ta zo ta wuce. Matiyu 24 ta riga ta faɗa cewa Uba kaɗai ya san ranar.

Ka gai da mahaifiyarka da ƙannenka.