Amsa ga mai son haɗa Lekki da Badagry a yini ɗaya

Wa alaikumus salam ƙanena. Ina karanta tambayarka ina girgiza kai, don kamar ni na rubuta ta shekaru biyu da suka wuce. Ka ce za ka Legas biki da iyali, yini ɗaya rak gare ka na yawo, wani kuma ya ce ka tura masa kuɗi ya kai ku gandun dajin Lekki da safe, ya zarce da ku Badagry da yamma, shi ne kake tambaya ko tafiyar ƙasar ta kai hawan dutsen Kufena na Zariya wahala. Kada ka tura ko sisi tukuna.

Lekki tana gabas, Badagry tana can yamma dab da iyakar Jamhuriyar Benin, Legas ɗin ɗungurungum da gosulonta tana tsakaninsu. Duk wanda ya ce zai haɗa maka su a yini ɗaya har ka taka ƙasa ka more, ko bai san garin ba, ko kuwa aljihunka ya sani.

Mu bakwai muka je: ni, uwargida, ƙanwarta, yara uku, da Hajiyarmu da ta ce ita ma sai ta ga teku kafin ta koma ga Allah. Lambar mutumin da zai kai mu yawon a hannun abokin wani abokina na same ta. Hausarsa tangararas, daga Alhaji sai ranka ya daɗe, har yana ce min ya yi zaman Sabon Garin Zariya, ya san Kwangila ya san PZ, "ai mu 'yan gida ne". Wannan kalma ta 'yan gida ita ta kashe min jiki. Na tura masa kuɗin mota, na shiga, na jirgin ruwa, duka a dunƙule. Ko rasit ban nema ba.

Ya ce bakwai na safe, sai goma saura ya iso. Sha ɗaya ta gota muka shiga gandun.

Wurin kam, tsakani da Allah, ya cancanci a je. Lekki Conservation Centre sunansa, a bakin babban titin Lekki zuwa Epe, tun 1990 aka kafa shi, hekta 78 na kurmi da fadama a tsakiyar gidajen masu hannu da shuni. Kana shiga ƙarar motoci za ta ɗauke. Hanyar katako aka shimfiɗa a kan fadamar, ba hawa ba gangara, wanda ya saba Kufena ranar Asabar zai ce wannan ai wasan yara ne. Amma ba dutse ke kayar da mutum a can ba, gumi ne. Mu nan Zariya in ka yi zufa iska ta busar. Can sai ta zauna maka a jiki kamar an lulluɓe ka da jiƙaƙƙen bargo. Ni da nake kai ƙololuwar Kufena da gorar ruwa ɗaya, uku na shanye kafin mu zagayo. Katakon kuma in ya sha ruwan sama santsi gare shi, don haka kambas mai kama ƙasa za ku sa, a bar silifas a masauki.

Gadar sama ita ce abin da kowa ke zuwa dominsa. Tsawonta mita 401, inda ta fi tsayi ta haura mita 22 daga ƙasa, raga ce da igiyoyin ƙarfe, tana lilo da kai duk takun da na gabanka ya yi. Ƙanwar uwargida da ta fi kowa cika baki a mota, a tsakiya ta tsaya cak tana salati, ta ƙi gaba ta ƙi baya, sai da na bayanmu suka yi ta lallashi. Ranar ba su bar ƙananan yara sun hau ba, kuma in hadari ya taso rufe ta suke yi, saboda haka ka guji Yuni da Yuli in da hali. Af, birai! Kada yaro ya riƙe leda a hannu. Autana yana cin biskit, wani ya diro daga reshe ya fizge kwalin gaba ɗaya, ya koma sama yana ɓarewa yana kallonmu.

Da a nan muka tsaya, da yau labari mai daɗi nake ba ka.

Biyu saura muka ɗauki hanyar Badagry. Mile 2, Alaba Rago, Agbara, muna tafiya kamar ana jan mu da igiya, ga yara sun galabaita. Biyar ta wuce muka isa. Benen nan na 1845 da ake cewa shi ne na farko a Nijeriya, daga waje muka hango shi. Gidan Seriki Abass inda a da ake tsare bayi a ƙananan ɗakuna kafin a fita da su, ko leƙawa ba mu yi ba. Mutumin ya ce a yi sauri rana za ta faɗi, ya tura mu cikin kwalekwale zuwa tsibirin Gberefu, ya ce ku je ku dawo Alhaji, ina nan bakin ruwa ina jiranku.

Daga inda jirgi ya sauke ka zuwa bakin teku, inda bayi ke yin sallama da ƙasarsu, tafiya ce ta kusan rabin awa a cikin yashi, ita ce hanyar da aka bi da su, har da rijiyar da ake cewa ana shayar da su don su manta gida. Yashi ƙafa yake ci, taku ɗaya kamar biyu. Hajiya ta daure ta kai, ta ga tekunta, ta yi alwala da ruwan gishirin, muka yi la'asar a makare.

Muka dawo bakin jirgi ana kiran magariba a tsallake. Mai kwalekwale ya ce kuɗin zuwa kawai aka ba shi, na dawowa sai mun biya. Na kira mutumin, waya a kashe. Na sake kira, a kashe. Wallahi sau goma sha na kira. Ba ni da tsabar kuɗi don shi ya ce kada in wahalar da kaina da riƙe kuɗi, na gwada tiransifa, sabis ya ƙi. Duhu yana shigowa, sauro ya taso kamar an buɗe masa ƙofa, autana yana kuka, uwargida ta ƙi ko kallona. Hajiya ta zauna a kan wani kifaffen jirgi, ƙafafunta sun kumbura har madaurin takalmin ya nutse a fata. Ba ta yi min faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Bar shi da Allah, ɗan nan." Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Ni na ɗauko tsohuwa tun daga Tudun Wada na kawo ta tsibiri na zaunar a duhu, saboda wani ya kira ni Alhaji. Har yau in na tuna sai na ji wuyana ya shaƙe.

Agogona na ba da jingina aka tsallaka da mu. A can kuma direba ya tare ni, shi ma rabin kuɗinsa aka ba shi. Wani mai shayi ɗan wajen Sakkwato, wanda bai taɓa ganina ba, shi ya ƙirgo min kuɗi daga cikin gwangwaninsa na karɓo agogon, na tura masa da sabis ya dawo, ya kuma haɗa wa Hajiya shayi ya ƙi karɓar ko kwabo. Shi kuwa ɗan gidan namu, bayan sati biyu na ga ya sa hoton wasu baƙi a kan gadar Lekki yana talla. Na yi masa magana, ya toshe ni. Na yafe kuɗin, zaman Hajiya a kan jirgin nan ne ban yafe ba.

To ƙanena, zaɓi ɗaya. In da yara da tsofaffi, Lekki, ku isa da an buɗe, ku biya da hannunku a ƙofa, babu buƙatar ɗan tsakiya. In tarihi kake so, ka ba Badagry yini guda cur, ku fita bayan asuba, ku daidaita da mai jirgi kan zuwa da dawowa, kuɗin dawowar kuma ya zauna a aljihunka sai ƙafarka ta taka wannan gaɓar. A sa rigar kariya ko da mai jirgin ya ce ba komai. Riƙe tsabar kuɗi 'yan canji. Kada ka sa rai da acaɓa a wajen Lekki, an hana su tun 2022. Yara kuma a riƙe hannunsu a bakin ruwa, Atalantika ba kogin Kubanni ba ce, igiyar tana janye yashin da ke ƙarƙashin ƙafar babba ma.

Wanda ya yi maka tayin nan, turo min lambarsa ta bayan fage in duba, kada a je shi ne. In za ka fito Kufena Asabar ɗin nan, ka same ni a gindin dutse in nuna maka hotunan gadar.