Wasiƙa ɗaya, sunaye 70: zan iya aika fakis daga Word?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni sakatariya ce a wani kamfanin sayar da kayan gyaran injinan noma a Kakuri, nan Kaduna. Duk farkon shekara maigidanmu yakan sa ni rubuta wa abokan hulɗarmu wasiƙa, kowa da sunansa da adadin kuɗin da ke tsakaninmu. Su kusan 70 ne. Yawancinsu dillalai ne a Zariya da Saminaka da Funtuwa da Kafanchan, sai kamfanoni tara a Japan da Jamus da Italiya da muke sayo kaya a wurinsu, waɗanda har yanzu wasunsu fakis suke so. Nakan yi kwana uku ina goge suna ina sa wani. An ce mini Word zai iya wannan aikin da kansa, har ya aika ta fakis. Gaskiya ne? Muna da tsohuwar na'urar fakis a ofis, amma rabonta da aiki tun zamanin NITEL.

Amsa:

Wa'alaikumus salam Malama. Wanda ya faɗa miki bai yi ƙarya ba, sai dai maganar kashi biyu ce. Rubuta wasiƙun abu ne mai sauƙi, kwana ukun nan naki zai koma minti kaɗan. Fitar da su ta fakis daga Kaduna shi ne ke buƙatar dabara. Bari mu fara da rubutun, don a nan ake yin ɓarnar da ta fi tsada.

Kin san katin gayyatar biki, yadda maɗaba'a ke buga shi da gurbi a sama, sai a sa wani ya zauna da biro yana cike sunaye ɗaya bayan ɗaya. Abin da Word ke kira "Mail Merge" ke nan. Ki ba shi wasiƙa guda mai guraben da ba a cike ba, ki ba shi jerin mutane a Excel, shi kuma ya zama mai biron. Ba ya gajiya, ba ya tsallake layi, amma kuma ba ya tunani. Duk abin da ya tarar a jerin shi zai kwafa, daidai ne ko kuskure. Shi ya sa nake gaya wa duk wanda na koya wa aikin nan cewa kashi mafi girma na lokacinsa a Excel zai tafi, ba a Word ba.

Ki buɗe sabon fayil na Excel. Layin farko na kanun bayanai ne kawai: Lakabi, Suna, Kamfani, Gari, Jinsi, Kudi, Fakis, Imel, Hanya. Kanun nan ki rubuta su kalma ɗaya-ɗaya, ba ƙugiya, ba tazara. Daga layi na biyu kowane mutum layinsa guda. Kada ki bar layi fanko a tsakiya, kada ki haɗe gidaje biyu don kwalliya.

Laƙabi ki ware masa gidansa daban da suna, kuma ki tsaya ki tabbatar da na kowa. A garin nan rubuta wa Alhaji "Malam", ko Injiniya "Mista", ko ki kira Hajiya da sunanta gatsal, na iya sa mutum ya ajiye wasiƙar bai kai ƙasa ba. Dillalinku na Kafanchan wataƙila Cif ne ko Fasto. Na'ura ba ta san wannan ba, ke kika sani.

Akwai kuma matsalar da mai rubutu da Turanci ba ya haɗuwa da ita. Hausa tana bambanta namiji da mace: muna sanar da kai, muna sanar da ke, kuɗinka, kuɗinki. Word yana da maganinta a ƙarƙashin maɓallin "Rules", inda za ki zaɓi "If...Then...Else", ki ce masa in gidan Jinsi ya nuna mace ya rubuta "ke", in ba haka ba ya rubuta "kai". Yana aiki sarai, amma sai kin maimaita shi a duk inda kalmar ta zo, kuma wuri ɗaya kika manta sai Hajiya ta ga an ce mata "muna gaishe ka". Ni a wasiƙar kasuwanci na fi son a yi amfani da "ku" tun daga gaisuwa har sa hannu. Girmamawa ce, kuma ta rufe ƙofar kuskuren gaba ɗaya.

Sai lambobi. Excel yana ɗaukar lambar waya a matsayin lambar lissafi, don haka zai cinye sifirin farko: ki rubuta lamba mai farawa da 0803, ki ga ta koma 803. In kuma lambar ta kai alƙaluma 12 ko fiye, kamar wadda aka sa wa 234 a gaba, zai dunƙule ta ya nuna miki wani abu mai E+12 a ƙarshe. Kafin ki rubuta ko lamba ɗaya, ki zaɓi gidajen Fakis duka ki mayar da tsarinsu zuwa "Text". Ki kuma ajiye fayil ɗin a tsarin Excel na asali. In kika ajiye shi a tsohon tsarin CSV, haruffanmu masu ƙugiya na iya komawa alamar tambaya, Ɗanladi ya fito ?anladi.

Yanzu ki koma Word ki rubuta wasiƙar sau ɗaya. A sama akwai sashen "Mailings". Ki danna "Select Recipients", ki zaɓi "Use an Existing List", ki nuna masa fayil ɗin Excel. Duk inda suna ko gari ko kuɗi zai shiga, ki ajiye tsinken rubutu a wurin ki danna "Insert Merge Field" ki ɗauko kan da ya dace. Daga nan "Preview Results" zai nuna miki wasiƙar kowa, kina danna kibiya tana sauyawa. In babu Word, LibreOffice Writer kyauta ne kuma yana yin irin wannan aikin.

Za ki lura kuɗin ya fito ba waƙafi, 1250000 a maimakon 1,250,000, ko da a Excel ya fito da kyau. Ki danna Alt da F9 tare, za ki ga cikin gurbin ya bayyana, an rubuta MERGEFIELD Kudi. Ki ƙara \# "#,##0.00" a bayansa, ki sake danna Alt da F9, sannan ki sabunta gurbin da F9. Alamar ₦ kuwa ki buga ta a jikin wasiƙar, gaban gurbin. Kwanan wata ma yakan juye irin na Amurka, wata kafin rana, har 3 ga Afrilu ya zama 4 ga Maris a idon mai karatu. Gyaransa \@ "dd/MM/yyyy" ne, ki ƙara shi a cikin gurbin kwanan watan kamar yadda kika yi wa na kuɗi.

Abu ɗaya nake roƙon ki kiyaye fiye da duk waɗannan, don na ga ɓarnarsa da idona. Shekarun baya ina da shagon buga takardu a wajen titin Ahmadu Bello, wata makaranta ta kawo mini jerin iyaye da ragowar kuɗin makarantar da ake bin su. Aka ce a jera sunayen bisa haruffa. Na zaɓi gidajen suna kaɗai na jera, sauran gidajen suka tsaya inda suke. Sunaye suka motsa, basussuka ba su motsa ba. Bayan kwana biyu wani dattijo ya zo makarantar da rasiɗansa na shekara uku a ɗaure cikin leda, yana zare su ɗaya-ɗaya yana shimfiɗawa a kan tebur, hannunsa na rawa, don wasiƙa ta ce ana bin sa kuɗin da ya biya tun farkon zango. Wanda ake bi da gaske kuma an rubuta masa godiya. Har yau in na tuna fuskar bawan Allahn nan raina yakan ɓaci. In za ki jera, ki zaɓi teburin duka. Kuma kafin komai ya fita ofis, ki ɗauki sunaye biyar daga sama da tsakiya da ƙasa ki gwada su da littafin akawu. Bashin mutum sirrinsa ne, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya.

To, mu zo kan fakis.

Na'urar fakis tana mayar da hoton takarda sauti, ta tura shi ta layin wayar girke, ta can ta mayar da sautin hoto. Dabarar ta girmi tarho ma: wani ɗan Sikotland, Alexander Bain, ya yi rajistar tata a 1843, shekara 33 kafin Bell ya yi ta wayarsa. Amma ba ta tafiya sai da layi. Da wayar salula ta shigo a 2001, layukan NITEL masu lambar 062 suka yi ta mutuwa a ofisoshin Kaduna, har aka sayar da kadarorin kamfanin a 2015. Na'urarku wataƙila lafiyarta ƙalau, hanya ce babu. Kada kuma kowa ya sa ku ɓata kuɗi wajen jona ta da wayar tebur mai ɗaukar sim. Layin salula yana matse sauti don muryar mutum, kuma matsewar tana lalata ƙarar da fakis ke magana da ita.

Word ɗin ma ya canza. A na 2003 da waɗanda suka gabace shi akwai maɓallin aika haɗaɗɗun wasiƙu kai tsaye ta fakis, ina jin shi mai ba ki labari ya tuna. Daga na 2007 zuwa yau, in kika danna "Finish & Merge" hanya uku zai ba ki: ya tara wasiƙun a fayil guda, ya tura su firinta, ko ya aika ta imel. Windows yana da manhajar "Windows Fax and Scan", sai dai tana buƙatar layin waya da modem, wato na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin, kuma ba ta karanta lamba daga Excel, tambayar ki za ta yi.

Ƙofar da ta rage ita ce ta imel. Akwai kamfanonin da ke karɓar imel su fitar da shi a matsayin fakis a ƙasar da ake so, ana biyan su duk wata ko bisa shafi. Yawanci adireshin da za ki aika wa shi ne lambar fakis ɗin, sai alamar @, sai sunan kamfanin da ke fitar da fakis ɗin. Ke nan a gidan Imel na waɗannan kamfanoni tara, wannan adireshin za ki sa. Lambar ki rubuta ta da lambar ƙasa: 81 ga Japan, 49 ga Jamus, 39 ga Italiya. A na Japan da Jamus ana yar da sifirin farko na lambar gari, amma a na Italiya sifirin yana nan, kada ki cire shi. Sannan ki zaɓi "Send E-mail Messages", ki nuna masa gidan Imel. Wannan yana aiki ne da tsohon Outlook, manhajar imel da ke zaune a kwamfuta, kuma dole imel ɗin da ke cikinsa ya zama wanda kuka yi rajista da shi a kamfanin fakis ɗin. Ki karanta bayaninsu ki ga ko jikin saƙon suke bugawa ko takardar da aka maƙala, don Word zai tambaye ki wanne kike so. Kafin ki danna, ki sa Outlook a "Work Offline". Saƙonnin za su taru a akwatin fita, ki buɗe su ki duba, sannan ki sake su.

In kuwa ra'ayina kike so, kamfani tara bai kai a sha wannan wahalar ba. Ki fara rubuta musu ki tambaya ko za su karɓi PDF mai sa hannu ta imel. Ba mamaki rabinsu su amsa da to. Waɗanda suka dage, ki fitar da wasiƙar kowannensu PDF ki ɗora ta da hannu a shafin kamfanin fakis ɗin. Haɗawa ta imel tana biyan wahalarta ne in masu fakis sun kai gommai. Amfanin gidan Hanya ke nan: ki rubuta wa kowa fakis, imel, WhatsApp ko mota, sai ki tace su a "Edit Recipient List" ki yi kowane rukuni daban. Dillalin Saminaka da Funtuwa babu ruwansu da fakis. PDF ta waya ta ishe su, ko takarda a ambulan a ba direba a tasha. Ki dai kula, zaɓin farko cikin hanyoyi ukun nan na Word yana tara wasiƙun duka a fayil ɗaya, don haka ki ware shafin kowa kafin ki tura, kada mutum ya ga bashin abokan gasarsa.

Takardar da za ta bi ta fakis ki yi mata shiri na daban. Baƙi da fari kawai take fita, kuma a tsarin da aka saba ɗigon da ke inci guda kusan 200 ne a kwance, 100 a tsaye. Tambarinku mai kore da ja zai koma dabbare-dabbare, inuwar toka a teburin farashi za ta haɗiye alƙaluma. Ki sa rubutu mai girman 12 ko sama, maigida ya sa hannu da baƙin biro mai kauri a farar takarda ki ɗauki hotonsa, ki sa lambar shafi da sunan wanda ake nufi a saman kowane shafi, don a can tire ɗaya takardun ofis duka ke faɗawa. Lambar kayan gyara, inda 8 da 3 ko 5 da 6 ke iya rikicewa, ki ƙara mata girma.

Ki fara gwadawa da kamfani ɗaya, ki roƙe su su ɗauki hoton abin da ya fito musu su turo miki. Japan tana gabanmu da awa 8, don haka abin da kika aika da la'asar sai washegari za su gani. Rahoton isarwa da kamfanin fakis zai turo miki ta imel kuwa, ki buga shi ki liƙa a bayan kwafin wasiƙar a fayil ɗin ofis.