Amsa: Shin album ɗin 30 na Adele ya kai 21 kuwa?

Ƴar uwa kin tambaya ko 30 ya kai 21 daɗi tunda ana ta gardama a kai. Ni dai 21 na 2011 ya fi kama ni, yawanci waƙoƙin rabuwa ne, wata ma fiyano ce kawai da muryarta amma sai ki ji tsikar jikinki na tashi, har Grammy ɗin album na shekara ya ci. Shi kuma 30 ya fito ne a 2021 bayan mutuwar aurenta, masu kushe shi cewa suke waƙoƙin sun yi tsawo kuma sanyi ya yi yawa. Wallahi ban yarda da su ba, ki bari sai dare ya yi kin nutsu ki saurara ke kaɗai, a nan zai shige ki.