Kumburin targaɗe a maganin gargajiyar Sin

Ka tambayi yadda masu maganin gargajiya a Sin ke sauke kumburin targaɗe. A wurinsu, jini ne ya taru ya ƙi gudana.

Kwana biyun farko, wurin na da zafi, sai su kwaɓa garin San Huang San, wato saiwoyi biyu da ɓawon itace ɗaya, kowanne daidai da ɗan'uwansa, da ruwan koren shayi. A shafa da kauri, a ɗaure da bandeji sako-sako. Gashi ko tausa a wannan lokacin ƙara kumburin suke yi.

In zafin ya lafa, sai a koma murza Dit Da Jow, wato ruwan maganin shafawa da ake haɗawa da tsirrai, a hankali. Kada ya taɓa buɗaɗɗen rauni, kuma ba a shan sa, wasu haɗe-haɗen akwai guba. In ƙafar ba ta takuwa, je ka a ɗauki hoton ƙashi tukuna.