Yaya, Ga Amsar Tambayarka Kan Waƙar Da Autana Ya Kaɗa

Yaya, ina gaisuwa. Ya Inna da ƙafar, ya yara?

Saƙonka na murya ya same ni a cikin bas ina dawowa daga aikin dare, na saurare shi sau biyu kafin in sauka. Ka ce ka ga bidiyon da na tura wa 'yan gida, na autana yana kaɗa jita a taron ƙarshen zangon makarantarsu, kuma wani abokinka mai jin Turanci ya gaya maka waƙar gidan karuwai ce. Ka tambaye ni ko haka muke yi a nan Ingila, mu sakar wa yara linzami su rera abin kunya mu kuma muna tafi. Ban ji haushi ba. Da a Funtuwa nake zaune aka nuna mini, abin da zan tambaya ke nan. Na ga ya fi in rubuta amsar inda wasu ma za su gani, don ba kai kaɗai ke riƙe da wannan tambayar ba.

Sunan waƙar House of the Rising Sun, wato gidan hudowar rana. Abokinka bai yi ƙarya ba, rabin maganar ya ba ka. Amma bari in fara da yadda ta shigo gidana.

A Ingila kiɗa darasi ne na dole a manhajar makarantun gwamnati, daga shekara 5 zuwa 14. Doka ta ba iyaye dama su cire ɗansu daga darasin addini, amma ba ta ba su irin wannan damar a darasin kiɗa ba. Ko da ta bayar, kunnen yaro ba shi da ƙyaure: yana ji a kanti, yana ji a filin ƙwallo, yana ji a wayar abokinsa. Mu Hausawan Newcastle ba mu da yawa. Akwai likitoci da ma'aikatan jinya irina, da ɗaliban jami'o'in garin guda biyu, wasu daga Kano da Katsina, wasu daga Maraɗi, wasu 'yan zangon Kumasi. Kuma kanmu ba a haɗe yake ba a kan kiɗa. Akwai gidan da ko gurmi ba ya shiga, sun riƙe fatawar malamansu, kuma ina girmama su. Akwai masu cewa mandiri kawai. Akwai irina da suka yarda yaro ya koyi abin kiɗa bisa sharaɗi. In mun kama zaure don cin abincin Sallah, ba a kawo jita, saboda kada wani ya taso da iyalinsa ya zauna cikin takura. Wannan mun daɗe da daidaitawa a kai ba tare da an yi faɗa ba.

Sharaɗin gidana ba ni na ƙirƙire shi ba. Wata dattijuwa ce da ta riga mu zuwa da kusan shekara ashirin ta koya mana, yanzu gidaje da dama na bi. Duk waƙar da yaro ke son rerawa, sai ya zauna gaban uwarsa ya fassara mata ita da Hausa, baiti bayan baiti. Abin da bakinsa ya kasa faɗa wa uwarsa da Hausa, to ba ya rera shi da Turanci. Yaya, wannan dabarar ta fi bulala aiki. Turanci yana rufa wa batsa asiri, kalma ta wuce cikin kiɗa ba ka ji nauyinta ba. Da ta juye Hausa sai ta tsaya tsirara, yaron da kansa zai sunkuyar da kai ya ce, “Mama, a bar wannan.” Ga riba ta biyu, Hausarsu na ƙaruwa.

To haka aka yi da wannan. Watan Disamba ne, lokacin da ake kiran magariba kafin ƙarfe huɗu. Ina tuƙa tuwon shinkafa, shi yana zaune kan kujerar kicin da takarda, kan yatsunsa na hagu duk sun yi kanta saboda tsirkiyar jita. Malaminsu ne ya ba su ita, don masu koyon jita da yawa a ƙasar nan da ita suke buɗe hannu. Ya fara: akwai wani gida a birnin New Orleans na Amurka da ya hallaka samari matalauta da yawa, mai waƙar kuma yana cikinsu. Uwarsa tela ce, ubansa ɗan caca ne mashayi. Da ya zo inda zai bayyana irin lalacewar sai Hausa ta ƙare masa. Na ce masa mu cewa muke yi bariki ta cinye shi. Ya maimaita kalmar sau biyu, ya rubuta. Sai baitin da mai waƙar ke roƙon iyaye mata su gargaɗi 'ya'yansu kada su bi sawunsa, da na ƙarshe, inda yake tashar jirgin ƙasa zai koma birnin ya sa mari a ƙafa. Na ajiye muciya. Nadama ce tun daga farko har ƙarshe, babu baiti ɗaya da ya yabi gidan.

Sai ya ɗago ya ce, “Mama, wane irin gida ne?” Na sake duba takardar, na ga waƙar ba ta faɗa ba. Nan muka fara bin diddigi, ni da shi, har hutun ya ƙare.

Mafi yawan mutane gidan magajiya suke ɗauka, kamar abokinka. Wasu suka ce gidan caca ne da giya. Wasu suka ce kurkukun mata ne, saboda maganar mari, kuma mawaƙi Dave Van Ronk ya taɓa cewa ya ga hoton tsohon gidan yarin mata na New Orleans da zanen hudowar rana a saman ƙofarsa. Faransawa wannan fahimtar suka bi: da Johnny Hallyday ya rera ta da Faransanci a 1964, gidan yari ya mayar da shi kai tsaye, don haka dattawan Nijar da suka san ta daga rediyo waƙar fursuna suka sani. An taɓa yin wani masauki mai wannan suna a titin Conti cikin tsohuwar unguwar New Orleans, ya ƙone a 1822. Da masu tonon kayan tarihi suka haƙa wurin a 2005, sun sami kwalaben giya masu yawa da 'yan tukwanen kayan kwalliya. Wannan ya nuna an sha an yi shagali a wurin, amma bai nuna cewa shi mai waƙar ke nufi ba. Masu yawo da baƙi a birnin kowa da gidan da yake nunawa, sai dai babu takardar da ta tabbatar da ko ɗaya.

Har ma akwai masu cewa gidan ba a Amurka yake ba tun asali. Mashaya mai suna Rising Sun ba ta ƙirguwa a Ingila, ni kaina na wuce fiye da ɗaya. Alan Lomax, mai tattara waƙoƙin gargajiya, yana ganin tushen waƙar daga nan ne, baƙin da suka ƙaura suka tafi da ita a baki, can aka sauya mata gari. Hujjarsa wani tsohon manomi ne a yankin Norfolk, Harry Cox, da ya rera masa wata tsohuwar waƙa a 1953 mai ambaton gida mai wannan suna a garin Lowestoft. Wasu masana ba su gamsu ba, suna ganin baiti ɗaya bai isa ya zama dangantaka ba.

Mu kan ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Wannan ba a san mai ita ba. Faifai mafi daɗewa da ake da shi na Clarence Ashley ne, mutumin duwatsun Appalachia, a 1933, shi kuma ya ce wurin kakansa ya koya. Amma wadda ta fi tsaya mini a rai yarinya ce, Georgia Turner, 'yar mahaƙin kwal a garin Middlesboro na jihar Kentucky. A 1937 Lomax ya ɗauki muryarta tana shekara 16. Mun nemo muka saurara. Babu kiɗa ko kaɗan, muryarta ce kawai da ƙarar tsohon faifai, siririya, tana ɗan rawa. A bakinta mai maganar mace ce: ta ƙi jin maganar uwarta, ta bi wani mashayi, yanzu tana aika saƙo a gaya wa ƙanwarta kada ta yi abin da ta yi. Wallahi Yaya, sai da na tuna 'yan matan da muka taso tare, waɗanda aka ce sun shiga duniya, aka daina ambaton sunansu a tsakar gida. Ban taɓa jin an ba ɗayarsu baki ta yi magana ba. Wannan yarinyar ta yi maganarsu daga wata uwa duniya.

Lomax ya buga baitocin a littafi a 1941, daga nan waƙar ta yi ta yawo. Woody Guthrie ya rera, Lead Belly ya rera, Joan Baez da Miriam Makeba ta Afirka ta Kudu duk sun sa ta a faifansu na 1960. Van Ronk ya yi mata sabon tsarin kiɗa a New York, Bob Dylan ya ɗauki tsarin ya sa a faifansa na farko da ya fito a 1962, kuma sai bayan ya naɗa ya nemi izini. Van Ronk ya daina rera ta don mutane na cewa ta Dylan ce ya kwaikwaya.

Sai aka zo kan 'yan garinmu na nan, Newcastle. The Animals samari biyar ne na wannan yankin, suna kiɗa a wani kulob da ke titin Percy, titin da nake bi in na shiga gari. A asibiti na taɓa jinyar wani dattijo da ya ce yana cikin masu cika wurin a lokacin. Ina canza masa bandeji yana gunjin karin waƙar a hanci, idonsa a rufe. Mai rera musu, Eric Burdon, ya ce a Newcastle ya ji ta daga bakin wani mawaƙin gargajiya, Johnny Handle. Wasu suka ce faifan Dylan ne tushensu. Suna cikin rangadi da Chuck Berry suka shiga ɗakin naɗa a Landan ranar 18 ga Mayu, 1964, suka yi ta tashi ɗaya ba maimaici. Ta kai kusan minti huɗu da rabi, tsawon da gidajen rediyon lokacin ba su saba da shi ba, duk da haka ta zama ta ɗaya a Birtaniya a watan Yuli, ta ɗaya a Amurka a Satumba. Su namiji suka mayar da mai maganar, shi ya sa yau duniya ta san saurayin, ta manta yarinyar. Dylan kuwa abin da ya sami Van Ronk ya same shi, aka riƙa cewa ta The Animals yake rerawa.

Ko a tsakaninsu biyar ɗin ba a rabu lafiya ba. Sunan mutum ɗaya aka rubuta a faifan a matsayin mai tsarawa, Alan Price mai kaɗa ogan, aka ce wai wuri ba zai ɗauki sunaye biyar ba. Kuɗin tsarin duk wurinsa suka tafi, shekara na zagayowa ya bar ƙungiyar. Sautin jitar da ke buɗe waƙar, wanda da shi kowa ke gane ta, wanda autana ya yi wata biyu yana fama da shi, na Hilton Valentine ne, mutumin North Shields, da ya rasu a 2021. Georgia Turner ta rasu a 1969, abin da ya isa hannunta bai taka kara ya karya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan ɓangaren ya fi ɓata wa yaron rai fiye da maganar gidan, ni ma haka.

Don haka na ba shi izini, da sanina, bayan na ji kowane baiti da Hausa. Wata ƙawata a nan ta hana nata ɗan, ta ce ko da gargaɗi ne, ambaton irin wannan gida bai dace da bakin yaro ba. Ban ga laifinta ba, muna cin abinci faranti ɗaya har gobe. A watan da ya biyo baya ni ma na hana shi wasu guda biyu, ko baitin farko bai iya ƙarasa mini ba. Abin da ba na so ka ɗauka shi ne wai ba ma kallo. Muna kallo, Yaya, da tsoro ma, don mu ne muka ɗauko su muka kawo bariki.

Akwai abin da nake roƙo. Ranar da muka ji muryar yarinyar nan, ya tambaye ni ko mu ma muna da waƙoƙin da ba a san mai su ba. Na rera masa abin da na tuna na waƙar niƙan Inna, wadda take yi da asuba a kan dutse lokacin muna yara, baiti biyu kacal suka zo mini. Ya ce wa ya yi ta, na ce Inna wurin kakarmu ta ji. Don Allah in ka je gida ranar Juma'a, ka zauna kusa da ita ka kunna wayarka. Kada ka gaggauta ta, ka san sai ta yi ta cewa ta manta kafin ta fara. Ka sa ta faɗi sunanta da na wadda ta koya mata tun a farkon naɗin, kai kuma ka faɗi ranar. In ta yarda, har da ta daɓe da ta raino. Ka turo mini yadda suke, ko da kukan awaki a ciki.

A gaida Inna da kyau, a ce mata maganin ƙafar na hanya.