Tambaya da Amsa: Ƙanwarmu za ta tafi Ingila aikin jinya, har yanzu ana wariyar launin fata a can?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni mai sayar da wayoyi ne a Kano. Ƙanwarmu ma'aikaciyar jinya ce, ta samu aiki a wani asibiti a Ingila, mijinta ya amince, amma maganar ta raba kan gidanmu. Yayanmu ya ce wariyar launin fata ta zama tarihi: Obama ya mulki Amurka shekara takwas, ɗan asalin Indiya ya yi firaminista a Birtaniya, ga 'yar Najeriya ta zama shugabar babbar jam'iyya a can. Wai masu kukan wariya ragwaye ne masu neman uzuri. Ni kuwa na ce Bature bai canza ba ko kaɗan, ina kallon ƙwallo, na ga abin da aka yi wa Saka. Hajiyarmu ta ce mu daina cika mata kunne, mu tambayi wanda ya taɓa zama can. Wane ne mai gaskiya a cikinmu?

Naka, mai karatu daga Kano.

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. A gaida Hajiya, ta fi ku duka dabara.

Shekara uku na yi a wani gari a tsakiyar Ingila ina karatu. Bari in fara ba ka labarin ɗaki. A watana na biyu na ga tallar ɗakin haya kusa da makaranta, na buga waya, mai gidan ya ce in zo in gani. Ko awa ɗaya ba a yi ba na isa. Ya buɗe ƙofa, ya dube ni daga hula har takalmi, ya yi wani murmushi na ladabi, ya ce ayya, yanzun nan wani ya riga ni. Har haƙuri ya ba ni, har ya nuna mini inda zan tsaya in hau motar komawa. Na tafi ban kawo komai a raina ba, ai ko a Kano dillali kan ce maka an riga ka. Bayan kwana uku na ga tallar tana nan. Na roƙi wata Baturiya 'yar ajinmu ta kira lambar. Ina tsaye kusa da ita mutumin ya ce mata ɗaki na nan, ta zo gobe da safe.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, da ban sa an kira ba, da har yau ina yi wa mutumin kallon mai kirki. Bai zage ni ba, bai ɗaure fuska ba. Haka akasarin abin yake a yau, shi ya sa gardama irin taku ba ta ƙarewa. Kana zaune a motar haya ta cika maƙil, kujerar gefenka ce kaɗai babu kowa, mutane na tsaye. Don kai baƙi ne? Ko don jakarka ta ɗan tare wurin? Ba ka da tabbas, kuma rashin tabbas ɗin nan ya fi zagi gajiyar da mutum.

Yanzu in ba Yaya haƙƙinsa, don yana da shi. Kafin dokar 1968, halal ne a Birtaniya mai gida ya hana ka haya ko mai kamfani ya hana ka aiki saboda launin fatarka, har akwai masu manna takarda a taga suna faɗin hakan ƙarara. Yau wanda ya yi haka kotu za ta sa shi biyan diyya. A Amurka, lokacin da kamfanin Gallup ya tambayi mutane a 1958 ko sun yarda da aure tsakanin baƙi da fari, kashi 4 cikin ɗari ne suka ce eh. A 2021 sun kai kashi 94. Kemi Badenoch kuwa, shugabar jam'iyyar da Yaya ke nufi, wadda ta tashi a Legas, ba naɗa ta aka yi ba, 'yan jam'iyyar Conservative ne, galibinsu Turawa masu shekaru, suka kaɗa mata ƙuri'a ta zama shugaba a Nuwamban 2024. Duk wanda ya ce babu abin da ya canza, ya raina wahalar waɗanda suka sha duka da ɗauri kafin a kai nan. A wannan gaɓar kai ma ka zarce, ɗan'uwa. Ni da idona na ga alherin Turawa: wata tsohuwa maƙwabciyata, da ta lura ina azumi a lokacin zafinsu da rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, ta riƙa ajiye mini miya a bakin ƙofa, ta rubuta a takarda cewa babu naman alade a ciki.

Inda Yaya ya kuskure shi ne wurin da yake awo. Yana kallon kujera ɗaya ta can sama, alhali ƙanwarku a ƙasa za ta zauna, wurin neman aiki da haya da ƙarin girma. Kuma wannan wurin an auna shi, ba da jin zuciya ba. A 2019 masu bincike a Kwalejin Nuffield ta Jami'ar Oxford suka fitar da sakamakon wani gwaji: sun aika takardun neman aiki kusan 3,200 zuwa ga masu ɗaukar ma'aikata na gaske, ilimi ɗaya, gogewa ɗaya, suna da asali kawai suke canzawa. Mai asalin Najeriya sai ya aika takardu fiye da na Bature da kashi 80 cikin ɗari kafin a kira shi daidai yadda aka kira Baturen. Wato in Bature ya aika goma, kai sai ka aika goma sha takwas. An yi irinsa a biranen Boston da Chicago na Amurka, aka buga a 2004: takarda mai sunan Turawa irin Emily ko Greg ta fi mai sunan baƙaƙen Amurka irin Lakisha ko Jamal samun kira da kashi 50 cikin ɗari. Ka tambayi Yaya, ragwancin wa ya jawo wannan? Mutanen da ke cikin takardun ma babu su a duniya, sunaye ne kawai.

Maganar Saka da ka kawo, ka ba da rabin labarin. Ranar 11 ga Yulin 2021 a Wembley, shi da Rashford da Sancho suka zubar da fenareti a wasan ƙarshe na gasar cin kofin Turai da Ingila ta buga da Italiya, Saka yana ɗan shekara 19. Kafin gari ya waye an cika shafukansu da hotunan biri da zagi. An ɓata hoton Rashford da ke jikin wani bango a Manchester. Amma washegari ɗaruruwan mutanen unguwar, farare da baƙaƙe, suka lulluɓe wurin da wasiƙu da furanni har ba a ganin ɓarnar. Duka biyun Ingila ce. Abin da na karanta a ciki shi ne, yaran nan 'yan ƙasa ne muddin ƙwallo na shiga raga, ranar da ta ƙi shiga sai wasu su tuna musu daga inda iyayensu suka fito.

Ita kanta hukumar ƙasar bakinta bai zo ɗaya ba, ka ga ba ku kaɗai ke wannan musu ba. A Maris na 2021 wani kwamitin gwamnati ƙarƙashin Tony Sewell, shi ma baƙar fata, ya ce tsarin Birtaniya ba a shirya shi da gangan don danne tsiraru ba, talauci da yanayin iyali da yankin da mutum ya tashi sun fi launin fata tasiri. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin 'ya'yan 'yan Afirka da yawa suna fin 'ya'yan talakawan Turawa cin jarrabawa. Shekara biyu bayan haka, Louise Casey ta binciki 'yan sandan Landan ta ce wariya ta yi saiwa a cikin tsarin rundunar, hukuncin da rahoton Macpherson ya yanke tun 1999 bayan kisan matashi baƙar fata Stephen Lawrence. Shekara ashirin da huɗu, magana ɗaya. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

A siyasa kuma abin ya sake riga. Ɗan siyasar da ya san kansa ba ya cewa ba ya son baƙaƙe, sai ya ce baƙin haure, ko masu neman mafaka, ko al'adunmu. Ba kowa mai son a rage shigowar baƙi ne mai wariya ba, wannan zalunci ne a faɗa. Amma dubi abin da ya faru a ƙarshen Yulin 2024: aka kashe yara mata uku a garin Southport na Ingila, aka baza ƙarya a intanet cewa Musulmi ne ɗan gudun hijira ya yi. Ashe wanda ya yi kisan haifaffen birnin Cardiff ne a Birtaniya, iyayensa 'yan Ruwanda. Kafin gaskiya ta sa takalmi an jefi masallacin garin, an yi yunƙurin ƙona otal ɗin da masu neman mafaka ke kwana a Rotherham. Ƙanwarku baƙa ce, Musulma ce, da hijabinta, wato ta haɗa abubuwan da irin waɗancan ke nema. A gefe guda, kotuna sun ɗaure ɗaruruwansu cikin 'yan makonni, dubban mutane kuma suka fito titi suka yi musu tsaye.

Ita Kemi da Yaya ke alfahari da ita, ka tuna masa hirar da ta yi a ƙarshen 2024, inda ta ce ita Bayarabiya ce, babu abin da ya haɗa ta da mutanen arewacin Najeriya, ta kuma haɗa mu da Boko Haram a jimla ɗaya. Baƙar fata a kan kujera ba ta nufin mai kujerar yana ganinka da daraja. Kuma laifi tudu ne. 'Yan'uwanmu da ke aikatau a ƙasashen Larabawa sun san kalmar da ake jifansu da ita, mai ma'anar bawa. A 2017 an ɗauki hoton ana gwanjon 'yan Afirka a Libiya, a 2023 shugaban Tunisiya ya yi jawabin da ya sa aka riƙa korar baƙaƙe daga gidajen haya. Mu ma a nan, je ka nemi auren wani gida ka ji yadda ake tono asalin kakanka.

To, ta tafi ko kada ta tafi? Ni dai da ƙanwata ce zan ce ta tafi, idonta a buɗe. Asibitocin gwamnatin Ingila cike suke da 'yan Najeriya da Indiya da Filifin, ba za ta zama bare ba. Abin da za ta fi haɗuwa da shi shi ne majinyacin da zai ce a kira masa wata nas, ko a riƙa jibga mata aikin dare, ko wadda ta koya wa aiki ta zama shugabarta. Alƙaluman hukumar lafiyarsu da kanta sun nuna cewa cikin waɗanda aka tantance don ganawar neman aiki, Bature ya fi samun kujerar da kusan ninki ɗaya da rabi. Don haka ta shiga ƙungiyar ma'aikatan jinya tun watan farko, kada ta ji ƙyashin kuɗin wata. Ta sayi ɗan littafi, duk abin da aka yi mata ta rubuta rana da lokaci da wanda ya shaida, domin a can kuka ba ya aiki sai da takarda, kuma dokar daidaito ta 2010 tana bayanta. Ta sani cewa bizarta tana ɗaure da wanda ya ɗauke ta aiki, abin da ke sa da yawa su haɗiye wulaƙanci ke nan, amma doka ta ba ta damar canza wurin aiki in ta samu wani asibitin da zai tsaya mata. Ta nemi masallaci da 'yan'uwa Hausawa da wuri, kaɗaicin hunturu ya fi Bature mai ɗaure fuska illa.

Ku saya mata rigar sanyi mai kauri. Kada Hajiya ta cusa mata kilishi ko dambun nama a jaka, za a ƙwace a filin jirgi. In hakan ta faru kada ka ce ka ci Yaya gardama, ko Bature ne ya zo da shi daga Kano sai an ƙwace.